Igiyar Awo da Bakin Rafi

Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ƙasar fadamu ce. Wanda ya ratsa ta bayan ɗaukewar ruwa ya kan ga rake ya cika kwari, ya ga hayaƙin masu dafa mazarƙwaila yana tashi a gefen gonaki, in kuwa rani ya yi nisa ya tarar da tumatir da albasa da barkono sun yi kore shar a inda ko'ina ya bushe. A ƙasa irin wannan darajar gona tana ga bakin ruwanta. Gonar da ta jingina da rafi ta fi ta tudu tsada nesa ba kusa ba. Sabo da haka in an zo rabon gado, ko ciniki, ko jingina, abin da a kan fara tambaya shi ne, bakin rafinta nawa ne? A nan kuwa rigima ta kan ɓullo, irin wadda ta kan raba wa da ƙane.

Ga yadda ta kan kasance. A ce 'yan'uwa biyu kowa ya kawo mai awonsa. Na farko ya zo da igiya mai gaba 20, ya kafa turke, ya miƙe ta, ya sake kafa wani, har ya kai iyaka, ya ce igiya goma ce, watau gaba 200. Na biyu ya zo da gora mai gaba ɗaya, ya bi gaɓar ruwa yana kwantar da ita, duk inda rafi ya karkata shi ma ya karkata, ya ce gaba 260. Sai magana ta tashi, wannan ya ce an saye wancan, wancan ya ce wannan bai iya aiki ba, kowa ya nemi a ba shi rantsuwa. Alhali kuwa babu maƙaryaci a cikinsu. Da za a kira na uku ya bi da kamun hannu, da abin da zai samu ya ɗara na dukansu biyu.

Saɓanin awo iri biyu ne, ya kamata a rarrabe su. Na farko sananne ne. A lardin Kano, tun kafin yaƙin 1914, an sa a riƙa auna gonaki don yanka haraji, aka ɗauki malamai waɗanda a ke kira malaman taki, su zaga gona suna ƙirga takunsu. To, takin dogo ba ɗaya ya ke da na gajere ba, takin safe kuma ba ɗaya ya ke da na azahar ba, bayan rana ta gasa mutum. Wannan yana da magani, a ba kowa ma'auni ɗaya wanda ba ya gajiya, kamar sarƙar safiyo mai ƙafa 66, wadda 80 ɗinta ke yin mil guda. Na biyu shi ne wanda ba ya jin wannan magani. Igiyar nan daidai ta ke, gorar ma daidai ta ke, amma doguwar igiya tana tsallake duk wata kwana da ba ta kai tsawonta ba, gajeriyar gora kuwa tana shiga ciki ta fito.

Laifin na rafin ne. Wanda ya hau kan dutse ya hango shi zai ga manyan lanƙwasa uku ko huɗu. In ya sauko ya tsaya a bakin ɗaya daga cikinsu, sai ya ga ashe ita ma ba santsi gare ta ba, tana da nata ƙananan lanƙwasa masu kama da manyan. In ya tsuguna ya dubi ɗaya daga ƙananan, ya ga inda kofaton saniya ya gutsure gaɓa, da inda saiwa ta tokare ruwa ya kewaye ta. Tururuwar da za ta bi wannan gaɓa, tana kewaya kowace tsakuwa, tafiyarta ta fi ta mai kamun hannu. Hanyar jirgin ƙasa da aka shimfiɗa daga Zariya ta isa Kano a 1911 ba haka ta ke ba. A auna ta da sarƙa, a auna ta da gora, a auna da inci, amsar kusan ɗaya ce, domin in an matso kusa da ita sai ƙara miƙewa ta ke yi. Rafi kuwa ko an matso, karkatarsa tana nan.

Kada mai karatu ya zaci wannan wahala ta mutanen ƙauye ce kaɗai. Manyan ƙasashe masu ofisoshin safiyo sun faɗa cikinta. Akwai wani Baturen Ingila, Lewis Fry Richardson, masanin lissafi da yanayin sama, mutum mai ƙin yaƙi ƙwarai. Ya so ya gane ko tsawon iyakar da ke tsakanin ƙasashe biyu yana da hannu cikin yawan faɗansu. Da ya buɗe littattafai don ya kwashe lambobi, sai ya tarar mutanen Sifen sun rubuta iyakarsu da Fotugal kilomita 987, mutanen Fotugal kuwa sun rubuta wannan iyaka ɗin kilomita 1,214. Tsakanin Holan da Beljiyam ma haka, wani littafi ya ce 380, wani ya ce 449. Iyakokin nan da yawa koguna su ke bi, kowa kuma da girman taswirarsa da ma'auninsa. Ya ɗauki abin awon taswira mai ƙafa biyu, ya yi ta takawa a kan gaɓar ƙasashe, yana rage buɗin ƙafar. Abin da ya gano shi ne ƙaruwar ba ta zuwa barkatai, tana da ƙa'ida. A gaɓar yammacin Biritaniya, duk sa'ad da aka raba takin biyu, tsawon ya kan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A gaɓar Afirka ta Kudu, wadda ta ke kusan sumul, ƙaruwar ba ta kai biyu cikin ɗari ba. Ya rasu a 1953, ba a buga wannan aiki ba sai 1961, kuma ba mutane da yawa suka kula da shi ba.

Wanda ya kula shi ne Benoit Mandelbrot. An haife shi a birnin Warso na ƙasar Folan a 1924, ya girma a Faransa, ya yi aiki a kamfanin IBM a Amurka. A 1967 ya buga wata 'yar maƙala a kan tsawon gaɓar tekun Biritaniya, ya nuna abin da Richardson ya gani yana da tushe a lissafi. A 1975 ya ƙaga wa irin waɗannan siffofi suna, firaktal, daga wata kalmar Latin mai nufin abin da aka kakkarya. Da Hausa sai a ce siffa mai maimaita kanta, watau wadda in an gutsuri ɓangarenta aka ƙara masa girma, sai ya fito da kamannin uwar.

Akwai hanyar ganin abin da ido, ba sai an je teku ba, gawayi da daɓen zaure sun isa. Wani masanin lissafi na ƙasar Suwidin, Helge von Koch, shi ya fito da ita a 1904. A ja miƙaƙƙen layi mai inci 81. A raba shi uku, kowane kashi inci 27. A goge na tsakiya, a maye gurbinsa da layi biyu masu inci 27 waɗanda suka tashi suka haɗu a sama kamar jinkar ɗaki. Yanzu gaɓoɓi huɗu ke nan, tsawonsu duka inci 108. To, sai a koma wa kowace gaɓa a yi mata abin da aka yi wa uwarta, a raba uku, a goge tsakiya, a ɗora jinka. Gaɓoɓi sun zama 16 masu inci tara tara, tsawo ya kai 144. A sake, gaɓoɓi 64 masu inci uku uku, 192. A sake, gaɓoɓi 256 masu inci ɗaya ɗaya, tsawo inci 256. A nan gawayi ya kan gaza, amma lissafi ba ya gazawa, kowane zagaye yana ƙara sulusi, babu inda zai tsaya. Duk da haka farkon layin da ƙarshensa suna nan inda su ke, inci 81 tsakaninsu. Mai igiyar inci 81 zai ce igiya ɗaya ce, mai sandar inci ɗaya ya ce 256, ga 'yan'uwan nan biyu sun sake haɗuwa a daɓen zaure.

Masana suna da lamba da su ke gwada tsananin wannan karkata, fahimtarta kuwa ba wuya. Igiya mai yadi ɗaya, in an auna ta da ƙafa, uku za a samu. Daɓe mai yadi ɗaya tsawo da yadi ɗaya faɗi, in za a rufe shi da tayil mai ƙafa ɗaya, sai an sa tara. Layin Koch kuwa, in an rage ma'auni zuwa sulusi, huɗu a ke samu. Ya wuce uku, bai kai tara ba. Sabo da haka aka ba miƙaƙƙen layi lamba 1, aka ba daɓe 2, layin Koch ya faɗa tsakani, 1.26. Gaɓar yammacin Biritaniya 1.25 ce, ta Afirka ta Kudu 1.02. Iyakar nisan lambar daga ɗaya, iyakar yadda masu awo za su saɓa.

Wani abu kuma ya fi wannan amfani ga manomi. In an zana alwatika mai gefe uku daidai, aka yi wa kowane gefe aikin Koch har abada, kewayenta ba shi da iyaka, amma filin da ke ciki ba zai wuce kashi takwas cikin biyar na alwatikar farko ba. Watau faɗin fili yana da amsa tsayayya ko da bakinsa ya zama kamar haƙoran zarto, domin abin da ƙananan kwanoni ke ƙarawa ko ragewa sai ƙanƙancewa ya ke yi. Awon gona da eka abin dogara ne, masu awo biyu na kirki za su kusanci juna. Takardar da ta ce bakin rafi gaba 200 ne kuwa ba ta gama magana ba sai ta faɗi tsawon igiyar da aka yi awon da ita, da inda aka kafa turaku. Alƙali ko dagacin da aka kawo wa irin wannan ƙara, kafin ya ɗora wa kowa rantsuwa, gara ya sa a kawo masa igiyar da gorar ya gani. Akawun da ya rubuta lamba ya bar ma'auninta ya ajiye wa jikokin masu gonar shari'a.

Ba a bakinsa kaɗai rafi ke maimaita kansa ba, har a rassansa. Bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, wanda ya duba gonar tudu zai ga 'yan siraran hanyoyi kamar yatsu, biyu sun haɗu sun zama ɗaya, ta haɗu da wata ta faɗa kwarin kunya. Kwaruruwan suka taru suka yi zaizaya, zaizaya ta faɗa ƙorama, ƙorama ta faɗa rafi. Ruwan da ya gangara kudu ya shiga Galma, Galma ta shiga kogin Kaduna, Kaduna ta shiga Kwara a ƙasar Nufe, Kwara ta kai teku. Can arewa cikin ƙasar Kano ruwa ya juya wa Galma baya, ya bi ta Haɗeja ya nufi tafkin Cadi, amma tsarin bai sake ba. A zana abin da ruwa ya yi a ƙofar gida, a ajiye shi kusa da taswirar Kwara da 'ya'yanta, in ba a rubuta ma'auni a ƙasa ba da wuya a ce ga babba. Wani injiniyan Amurka, Robert Horton, ya jera rafuka daraja daraja a 1945, aka yi ta ƙirga koguna bayansa, aka tarar galibi kowace daraja ta kan ninka wadda ke samanta sau uku zuwa biyar a yawa.

Itatuwa ma haka. Wadda ta fi nuna abin a fili ita ce goruba, kututturenta ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, kowane ɗaya ya zama ƙaramar goruba a kan uwarsa. Ganyaye kuwa har daraja gare su. Na tsamiya tsinke ɗaya ne da 'yan ganye hagu da dama. Na ɗorawa, tsinken ya fitar da tsinkaye, su ne ke ɗauke da 'yan ganyen. Na zogale ya ƙara hawa ɗaya a kan wannan, duk macen da ta taɓa tsinke shi don kwaɗo ta san sai ta bi reshe cikin reshe cikin reshe. Zangarniyar dawa ma in an warware ta haka ta ke. Rake dai, wanda ya ke shi ne arzikin ƙasar, ba ya cikin wannan dangi. Yana maimaita gaɓa a kan gaɓa, amma gaɓoɓin kusan girmansu ɗaya, babu wadda ta ƙunshi ƙaramin rake a cikinta. Irin maimaicin saƙar tabarma ke nan, shi ya sa a ke iya auna kara da kamu ba gardama.

Abin da ya fi duka ban mamaki yana cikin ƙirji. Wanda ya tsaya wurin fiɗa ran Sallar Layya ya dubi huhun rago, zai ga maƙogwaro ya rabu biyu kamar goruba, kowane ya sake rabuwa har ido ya kasa bi. A jikin ɗan Adam rabuwar ta kan kai wajen sau 23, ta ƙare a 'yan jakunkunan iska fiye da miliyan 300. Hikimar a bayyane ta ke, ana bukatar fili mai faɗi inda iska za ta sadu da jini, wurin ajiya kuwa bai fi ƙwarya biyu ba. Likitoci sun auna wannan fili da madubin ƙara girma irin na da, suka samu wajen murabba'in mita 80. A 1978 Ewald Weibel da abokan aikinsa a birnin Ban na ƙasar Suwizalan suka sake awo da madubi mai aiki da lantarki, wanda ke ganin ƙananan lanƙwasa da na farko ya tsallake, suka samu wajen 140. Ashe likita ma da igiyarsa da gorarsa.

Mutane su ma sun gina irin wannan siffa, ko sun sani ko ba su sani ba. Birnin Zariya yana da ganuwa da ƙofofi, irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. Tsofaffin garuruwan ƙasar Zazzau da yawa suna da tasu ganuwar da ƙofofinsu. A cikin gari kowane gida yana da katanga da zaure, wanda ya ke shi ne ƙofar garinsa. A cikin babban gida kuma, in ɗa ya yi aure, a kan ja masa danga a fitar masa da sashe, da 'yar ƙofarsa da ɗakinsa da madafinsa da rumbunsa, gida sosai a cikin gida. Baƙo ya kan yi sallama a kowace ƙofa, kowace kuma da iyakar wanda a ke bari ya wuce ta. Wani malamin Amurka, Ron Eglash, ya lura da irin wannan a hotunan garuruwan Afirka da aka ɗauka daga jirgin sama, ya zo ya zaga, ya buga littafi a kai a 1999. Cikin misalansa akwai fadar Logone-Birni ta Kotoko a Kamaru, katanga mai kusurwa huɗu cikin katanga mai kusurwa huɗu. Magini bai zauna da alƙalami ya lissafa wannan ba. Ƙa'ida ɗaya ce, kowa ya yi iyali a kewaye masa wurinsa, aka yi ta maimaita ta kaka da kakanni, kamar yadda Koch ya maimaita tasa.

Mulkin En'e kuwa a kan wannan tsari ya tsaya. Sarkin Zazzau a birni, ƙarƙashinsa hakimai a gundumomi irin su Ikara da Maƙarfi, ƙarƙashin kowane hakimi dagatai, sa'an nan masu unguwa, sa'an nan magidanta. Kowannensu yana da zauren da ya ke zama, da dattawan da ya ke shawara da su, da yaron da ya ke aike, kowa yana sulhunta abin da ya iya ya tura sauran gaba. Umurni ya sauko yana rarrabuwa kamar rassan goruba, haraji ya hau yana taruwa kamar ruwan Galma har ya faɗa baitulmali. An rushe tsarin En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a jihar Kaduna a 1979, amma sarautun suna nan a jere yadda su ke. Ƙarfin irin wannan tsari shi ne mutum ɗaya ya kai ga dubban gidaje ba tare da ya taka ƙofar ko ɗaya ba. Haɗarinsa kuma daga nan ya ke, domin abin da aka yi a mahaɗa ɗaya a kan yi shi a kowace mahaɗa. A ce an yanka kwabo 81 daga sama, kowane hannu da umurnin ya bi ya ƙara sulusi don kansa. Sulusi ba ya da yawa a idon mai ƙarawa, amma bayan hannu huɗu talaka 256 zai biya, lissafin Koch ne ba ragi. Amfanin rasit da a ke ba kowane mai biya a wancan zamani, da lambar kuɗin a rubuce, ke nan.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Layin Koch ba shi da ƙarshe domin a cikin lissafi ya ke zaune, abin da ke ƙasa kuwa kowanne da inda ya ke tsayawa. Zogale ya tsaya a hawa na uku, huhu a wajen na 23, gaɓar rafi sai ta kai ƙwayar yashi, wadda babu mai awon da zai bi ta. Jerin sarauta ma yana da gindi. A da littafin haraji ya kan sauko daga gunduma zuwa ƙauye, zuwa unguwa, zuwa gida, ya tsaya a kan sunan baligi, domin mutum ba ya rabuwa uku a goge tsakiyarsa. Sabo da haka ƙidayar kawuna ba ta da uzurin da awon rafi ke da shi. In malamai biyu suka ƙirga ƙauye ɗaya, wannan ya kawo 412 wancan ya kawo 430, ba a tambayar tsawon igiyar kowa. Ko dai wani ya ƙirga matattu, ko kuwa mutum 18 sun kwana a cikin rake ran da na farko ya zo, sai a ɗaura wa doki sirdi a koma.